Rasuwar Shuɗiya Mai Taya Goma, Wadda ta Tafi ta Bar Garantinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda har yau baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, ni direbanta kuma mai ita, a madadin uwar 'ya'yana da 'ya'yanmu huɗu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan direbobin manyan motoci rasuwar babbar motata mai taya goma, wadda aka fi sani da Shuɗiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a can ƙuryar filin garejin kamfani, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi da katangar banɗakin ma'aikata, bayan jinyar wata biyar. Ta rasu ta bar wata bakwai na garanti wanda ba a taɓa ko gefensa ba. Wanda ya ga kamar na yi kuskure a wannan jimlar, ya sake karantawa, haka take.

Marigayiyar ta shigo hannuna ne bayan na shekara goma sha tara ina tuƙa motocin mutane. Shekara goma sha tara ana miƙo min makulli da safe a karɓe da yamma, ana leƙa tankin mai kamar a cikina na ɗura shi. Ba sabuwa na same ta ba, ta taɓa zama a wani hannun, amma mai mutunci ce, ba ta kawo min halin can ba. Ranar da na karɓo ta ko gida ban je ba, sai wurin mai fenti, na sa ya rubuta a ƙofar direba da manyan baƙaƙe: MAI ITA NE KE TUƘA TA. Direbobi sun yi ta yi min dariya a tasha, wasu suka ce girman kai ne. Na amsa laifina. Duk wanda bai taɓa tsayawa da hula a hannu yana roƙon izinin zuwa asibiti ganin ɗansa ba, ba zai gane abin da wannan rubutun yake nufi ba.

Shaidar da zan yi mata, ba don ta mutu ba, a gaban idonta ma na sha faɗa. Shuɗiya ba ta taɓa sa na nemi masu turi ba. Da safe in na murɗa makulli sai ta ce ƙirrr, ta ɗan yi tari sau ɗaya, sannan ta ɗauka, gum-gum-gum-gum, har tagogin maƙwabta su amsa. Ta ɗauki siminti, ta ɗauki rodi, ta ɗauki tayil ba ta fasa ko ɗaya ba. Ta taɓa kwasar kujerun makarantar unguwarmu kyauta, shugaban makarantar ya ba ta takardar yabo. In ta tunkari hawa da lodi ba ta raki, sai dai ta ja dogon numfashi, huuum, ta haye. Hon ɗinta kuwa, paam-pam, daga kwanar layinmu yarana suke jin sa su fito a guje ba takalmi.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ba na so in yi wa mamaciya ƙarya. Tana shan gas kamar an aiko ta, kuma ƙofar fasinja ba ta rufuwa sai an buga ta sau biyu. Na yafe mata duniya da lahira.

Yanzu sai batun garanti, tunda shi ne ajalinta. Ranar ciniki wani saurayi mai ɗaure da wuya da ƙamshin turare ya zaunar da ni a ofis mai sanyi, ya ce akwai wani ƙarin garanti na shekara uku mai suna Kwanciyar Hankali. Ya ce ya rufe mota daga hanci har wutsiya, duk abin da ya lalace in dai kira ɗaya na yi, sauran nasu ne. Ya ce ni dai in tuƙa kawai. Aljihuna ya riga ya ƙare a kan motar, sai uwar 'ya'yana ta sayar da keken ɗinkinta ta cika, ta ce gara ta rasa keke da dai wata rana inji ya lalace in koma tuƙin haya. Da wannan keken take yi wa yara kayan makaranta, har ta samu na cefane a gefe.

Aka ba ni littafi mai shafi ashirin da huɗu, mai zanen ruwan zinariya a bango. Wallahi hannu biyu na sa na karɓa. Na dube shi, na dubi aljihun gaban mota inda ake cusa rasit da tsumma da sifana, na ce ina, wannan ya fi ƙarfin nan. Na wuce shagon masu hoton takarda, na sa aka warware shi shafi-shafi, aka yi wa kowanne laminatin da leda mai kauri, aka sake ɗinke shi da zobe. Ya fito yana ƙyalli, ko a rijiya ya faɗa ba abin da zai same shi. Na kai shi gida aka sa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara. Uwar 'ya'yana ta ce, "Baban yara, littafin mota ai a mota yake zama." Na ce mata ta bar min harkar mota, ita ta san zare da allura. Wannan maganar tawa ina so a rubuta ta a cikin abubuwan da suka kashe marigayiya.

Sharaɗin garantin shi ne duk wata uku a kai ta garejin kamfani a yi mata juyen mai, kuma kada wani hannu na waje ya taɓa injinta. Na kiyaye kamar ibada. Saboda haka na juya wa Kunne baya, bakaniken da ya shekara goma sha biyar yana fitar da ni kunya, wanda ake kira haka don ba ya bukatar na'ura, kara kunne yake a jikin inji ya gaya maka abin da ke damunsa. In na wuce ta gaban rumfarsa sai dai in danna masa hon. Sau takwas na kai ta garejin kamfani cikin shekara biyu, ban taɓa makara da kwana ɗaya ba. Sau takwas akawun gareji yana tambayata, "Yallaɓai, ina littafin?" Sau takwas ina ce masa yana gida lafiyarsa ƙalau. Sai ya ce to, a zo da shi wani zuwan. Ni a zatona sha'awar ganinsa yake yi. Na dubi hannuwan mutanen wurin, na ce a raina ko kusa.

Ciwon ajali ya same ta ne wata Laraba da rana tsaka, muna tsakiyar hawa da buhunan siminti. Na ji wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, tak, tak, tak-tak-tak. Jar fitilar mai ta kawo. Kafin in gangara gefe ta ce gwaf, ta yi shiru. Wanda ya fara zuwa kaina Kunne ne, a kan babur, ko gorin shekara biyun nan bai yi min ba. Ya sa na ɗan taɓa makulli, ya kara kunne, ya ce famfon baƙin mai ne ya tsaya, amma na kashe ta da wuri, ɓarnar ba ta yi nisa ba. Ya ce, "Mutumina, ba ni kwana huɗu, ranar Litinin ka ɗauki lodi." Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Na ce masa famfon mai yana shafi na huɗu, layi na uku, kyauta za a sa mata sabo dal. Na kira janwe aka ja ta zuwa garejin kamfani, Kunne yana tsaye a bakin titi da sifana a hannu.

Daga nan jinya ta fara, kuma ina roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su sa ni maimaita ta da baki. Gareji suka ce ba za su buɗe inji ba sai kamfanin garanti ya ba da izini. Kamfanin garanti suka ce ba za su ba da izini ba sai gareji ya gaya musu abin da ya lalace. Gareji suka ce ta yaya za su san abin da ya lalace ba su buɗe ba. Na ce ai famfon mai ne. Aka tambaye ni wa ya gaya min. Na ce wani ne ya saurara. Sai da aka sa na rantse, na kuma sa hannu a takarda, cewa kunnensa kaɗai ya taɓa ta. An yi zama na musamman a kan ko kunne yana cikin hannun waje, kuma zaman ya ci mako biyu.

Lambar wayar kamfanin garanti kuwa na haddace ta fiye da ranar haihuwata. Kana kira sai wata murya mai daɗi ta ce kiranka yana da muhimmanci a wurinsu, sannan a sa maka kiɗa. Kiɗan nan na ji shi har ƙaramar 'yata ta koya, tana rera shi in tana wanke-wanke. Duk wanda ya ɗauka sabon mutum ne, sai na faro masa labari daga hawan nan da siminti, ya tausaya min ƙwarai, ya ce zai haɗa ni da sashen da abin ya shafa, sai kiɗa ya dawo.

A mako na bakwai aka yarda a buɗe. Aka sauke kan inji, aka baje kayan cikinta a kan kwali. A mako na tara jami'in binciken kamfanin garanti ya iso, wanda ma'aikatan gareji suke kira Mai Tocila. Fararen kaya ne a jikinsa. Bai sunkuya ba, bai taɓa komai ba, daga nesa ya haska tocila cikin injin da rana tsaka, ya ɗauki hoto uku. Ya tabbatar da cewa famfon mai ne, abin da Kunne ya faɗa cikin minti biyu a bakin titi. Ya ce lallai yana cikin garanti. Saura abu ɗaya ƙanƙane, in kawo littafi a ga hatimin juyen mai.

Jama'a, da alfahari na kawo littafin nan. A cikin tawul na naɗo shi. Na shimfiɗa a kan tebur yana ɗaukar ido kamar ranar da aka ba ni. Mai Tocila ya buɗe shafin ƙarshe, sai ga akwatuna goma sha biyu a jere, kowanne an rubuta a ƙasansa, hatimin gareji. Farare tas. Ashe abin da akawu yake nema ke nan duk shekara biyun nan. Mai Tocila ya ce a iya abin da takarda ta nuna, wannan motar ba a taɓa yi mata juyen mai ba tunda aka saye ta. Ya faɗi haka ne a cikin garejin da aka yi mata juyen sau takwas, a gaban mutanen da suka yi, ɗayansu ma yana riƙe da mazurarin.

Na ruga mota na kwaso rasit. Irin siririyar takardar nan ce ta na'ura, kuma a gaban gilashi na tara su, rana ta cinye rubutun, ko ɗigo babu. Na ce a duba kwamfuta. Aka ce an canja kwamfuta bara, tsohuwar ta tafi da abin da ta sani. Akawu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce shi shaida ne, zai buga min takwas ɗin yanzu ya sa kwanan watan kowanne. Ya shafa tawada, ya danna hatimi da ƙarfinsa a akwatin farko. Ya fito raɗau. Mai Tocila ya sa babban yatsa ya shafa sau ɗaya, hatimin ya bi yatsansa. Aka sake, aka hura, aka kai rana ya bushe, ya sake shafawa. Ledar da na saya mai kyau ce, ba a cuce ni ba.

Abin da ya biyo baya shi ma aikina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na koma gida na sa reza zan ɓare ledar shafin. Ta ɓaru, amma ta taho da akwatuna biyar da rabin lambar garantin. Bayan mako uku wasiƙa ta zo mai ɗauke da gaisuwa da fatan alheri, tana sanar da ni cewa an samu alamar sauya takarda, don haka an miƙa maganata ga kwamiti. Kwamitin yana zama sau ɗaya a wata. Zaman farko ba su cika ba. A na biyu suka nemi in kawo littafin a yadda aka ba ni shi.

Duk wannan abin Shuɗiya tana kwance ciki a buɗe. An tura ta ƙuryar fili saboda tana tare hanya, aka rufa mata tamfol, iska ta yaye shi a ruwan farko, ba wanda ya mayar. Na ce a ba ni ita in kai wa Kunne. Aka ce in na fitar da ita ana tsakiyar bincike, na janye ƙorafina da kaina, garanti ya faɗi. Sai na tuna keken ɗinki, na ce a bari mu ga zaman gaba. Kullum na je dubiya sai na tarar ta rage. Yau babu batir, an ara wa wata motar. Gobe babu madubi. Wata rana na ga fitilarta ta hagu a fuskar wata farar mota tana fita daga gareji, na ɗaga mata hannu.

Ranar Talatar nan na shigo da Kunne a matsayin ɗan'uwan mara lafiya. Ya leƙa injin, ruwa kwance a ciki, tsatsa ta yi ja, har da 'yan ƙwari suna iyo. Ya sa ƙarfe ya gwada juya shi, ko motsi. Duk da haka ya kara kunne, don sabo. Ya daɗe. Da ya ɗago bai ce ai na gaya maka ba, hularsa kawai ya cire. A nan na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kuka, ni da furfurata, kuma ban ji kunyar kowa ba. Ina cikin haka waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin garanti, suna taya ni murnar kasancewa cikin iyalin Kwanciyar Hankali, suna tuna min cewa in na sabunta da wuri akwai rangwame.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, mai ita. Ta bar uwar 'ya'yana, wadda tun da abin ya faru har yau ba ta buɗe baki ta ce min komai a kan littafin ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta bar yara huɗu masu zabura duk lokacin da wata mota ta yi hon a kwana. Ta bar taya tara, ta goma ana kan bincike. Ta bar jak, da igiyar ɗaure kaya, da takardar yabo ta makaranta. Ta bar batir da madubi da fitila, waɗanda suke raye a jikin wasu motoci, muna yi musu fatan tsawon kwana. Ta kuma bar littafin garanti, shafi ashirin da uku cikin ƙoshin lafiya, ɗaya yana jinya.

Iyalai suna miƙa godiya ga Kunne, tare da neman afuwarsa a bainar jama'a. Muna gode wa akawu da ya ɓata tawadarsa. Muna gode wa Mai Tocila da ya haskaka mana. Ga kwamiti kuma, muna sanar da su cewa ba sai sun wahalar da kansu da zama na uku ba. Saurayin mai turare an ce ya samu ƙarin girma, muna taya shi murna, ya gaya min in tuƙa kawai, ga shi kuwa zan tuƙa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe daga garejin kamfani, a kan janwe, zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora ta a sikeli kafin a sa mata wuta a yanka. Ana roƙon direbobin da za su raka ta su kunna fitila, kuma in an zo kwanar layinmu kada kowa ya danna hon, saboda yara. Ƙofar direba ba za ta bi gawa ba. Mai ƙarafa ya yarda ya kwance min ita, za a jingine ta a bayan ɗaki, rubutun yana kallon bango.

Za a karɓi gaisuwa a gida har yammacin Lahadi kawai. Ranar Litinin da sassafe ba za a same ni ba, don tsohon maigidana ya yi min karamci ya ce in zo in karɓi makulli, ya kuma tuna min cewa har yanzu ana auna tanki da yamma.

Abu na ƙarshe, ga masu tambayar me za a yi da littafin. Jiya uwar 'ya'yana ta buɗe akwati ta ciro shi daga cikin takardun haihuwa, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙo min. Na gane. Ranar Asabar kafin janwe ya ɗaga, zan buɗe ƙofar fasinja, in sa shi a aljihun gaban mota tare da tsumma da sifana, in buga ƙofar sau biyu. Wannan ce tafiyar farko da za su yi tare.